Daga Keta zuwa Ayetoro: Wa Ya Tare Yashin?

Sharhin yau zai gangara kudu ne, har inda tudu ya ƙare, ruwan gishiri ya fara.

A garin Keta da ke kudu maso gabashin Gana akwai wani tsohon gini na Turawan Danmak mai suna Prinzenstein. A 1784 aka gina shi. An tsare bayi a cikinsa kafin a loda su a jirgi, daga baya kuma ya zama gidan yari. Katangarsa kakkaura ce, irin wadda aka yi don ta jure aman igwa. Wanda ya je yau zai tarar ɓangaren da ke kallon teku babu shi, sai ɗakuna masu wangamemmen baki da bangon da ya tsaya a rabi. Dattawan garin kuwa, in suna ba da labarin unguwar da aka haife su, cikin ruwa suke nuni da yatsa. Kantuna da tituna da gidajen bene na zamanin da Keta ke cin kasuwarta duk suna can ƙarƙashin raƙuman ruwa.

Garin zaune yake a kan wani siririn tudun yashi, teku a gaba, babban tafki a baya. Akwai wuraren da mutum zai tsaya a kan titi yana ganin ruwan biyu. Mutanen wurin, 'yan ƙabilar Anlo-Ewe, masunta ne da masu kwasar gishiri da manoman ƙananan albasa, waɗanda suke ban ruwa daga rijiyoyin da ba su da zurfi. In teku ya turo, ba su da inda za su ja da baya. A watan Nuwamban 2021 ya turo da asuba, ya shiga gidajen ƙauyukan yankin, dubban mutane suka wayi gari kayansu na yawo a kan ruwa. Ƙauyen Fuveme da ke kusa da bakin kogin Volta ma tuni ya zama tarihi.

A tambayi kowane jami'in gwamnati dalili, amsar a bakinsa take: sauyin yanayi. Ba ƙarya ya yi ba, kuma za a zo kan wannan. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma akwai rabin labarin da ba a cika son faɗa ba, don shi yana da masu laifi da ake iya kiran sunansu.

A gaɓar tekun da ta taso daga Gana ta bi Togo da Benin ta shiga Najeriya, raƙuman ruwa ba sa dukan ƙasa kai tsaye. Daga kudu maso yamma suke zuwa, a karkace. Kowace igiya ta hau gaɓa takan ɗebi yashi ta ɗan matsar da shi gabas, ta bayanta ta zo ta ƙara matsar da shi. Dare da rana haka ake yi. Masana suna kiran abin kogin yashi, kuma a gaɓar Togo da Benin an ƙiyasta yana ɗauke da kusan kubik mita miliyan ɗaya a shekara. In tifa na cin kubik mita goma, lodin tifa dubu ɗari ke nan suke wucewa ta gaban kowane ƙauye duk shekara, ba direba, ba ƙarar inji. Muddin abin da ke shigowa ta yamma ya kai wanda ke fita ta gabas, gaɓa tana nan daram. Ranar da aka tare na yamma, teku ba ya fasa ɗiba. Sai ya ɗebi ƙasar da gida ke kai.

Babbar mai ciyar da wannan kogin yashi ita ce Volta. Shekaru aru-aru tana kwaso yashi da laka tun daga Burkina Faso tana zubawa a bakin teku, yamma kaɗan da Keta. A 1965 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kammala madatsar Akosombo. Gana ta sami lantarki, Togo da Benin ma suka riƙa saye, aka sami tafkin da ke cikin mafiya girma da ɗan'adam ya taɓa yi. Ruwa yana bi ta injinan lantarki ya wuce, yashi kuwa sai ya kwanta a bayan madatsa. Gaskiya ne teku ya fara lasar Keta tun kafin a yi Akosombo, tun zamanin Turawa ake kuka da shi. Amma bayan madatsar, lasa ta koma haɗiya.

A farkon shekarun 2000 Gana ta kashe dala miliyan tamanin da 'yan kai ta yi wa Keta kariya: aka jibge manyan duwatsu a gaɓa, aka miƙa wasu dogayen harsuna na dutse cikin teku don su riƙe yashi. Keta ta sami sa'ida. Yashin da harsunan suka riƙe kuwa, abincin ƙauyukan gabas ne, irin su Blekusu da Agavedzi. Can cin ya koma. Duk wanda ya zauna a unguwar da damina ke wahalarwa ya san wannan hali: mai hali ya ɗaga dokin ƙofarsa da siminti, ya karkatar da kwata, ruwan da ya kora ya kwana a ɗakin maƙwabci.

Ana tsallaka iyaka a Aflao sai Lome. A 1968 Togo ta buɗe tashar jiragen ruwanta mai zurfi, da doguwar katangar duwatsu da ta kutsa cikin teku don jirage su sami ruwa mai sanyin hali. Katangar ta datse kogin yashi. Ta yammacinta yashi ya yi ta taruwa, shi ya sa baƙon da ya sauka Lome yake mamakin faɗin bakin tekun birnin, inda samari ke buga ƙwallo a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Ta gabas kuwa, wajen Baguida har zuwa Agbodrafo da Aneho, teku ya ci gonakin kwakwa da gidajen masunta. Titin da ya haɗa Lome da Aneho sau biyu ruwa yana cinye shi ana matsar da shi ciki. Har yanzu akan ga guntun tsohuwar kwalta ya ƙare a gaɓa kamar an yanke da wuƙa. Ƙasar da duk bakin tekunta bai fi kilomita 50 da 'yan kai ba, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Kwatano ma haka. Tasharta ta fara aiki a 1965, kuma unguwannin gabashinta, ɓangaren Akpakpa, su suka biya kuɗin. Can har gidajen alfarma na masu kuɗi sun rufta cikin ruwa.

A nan ne maganar ta shafi mai sauraro da ke Maraɗi ko Yamai ko Damagaram, ko da bai taɓa ganin teku ba. Shinkafar da ke kasuwa, da motocin da ake kira na hannu, da kwantenonin da manyan motoci ke hawowa da su, shekara da shekaru ta Kwatano suke shigowa su bi Malanbil su tsallaka Gaya. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, akalar ta koma Lome ta Burkina Faso. Bututun man Nijar da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, a Seme yake ƙarewa, gabas da Kwatano, wato a ɓangaren da yashi ya yi ƙaranci. Tasoshin nan sun ciyar da miliyoyin mutane, ba mai hankalin da zai ce da ba a gina su ba. Abin da ba a yi ba shi ne a sa asarar masuncin Baguida a cikin lissafin kuɗin tasha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Legas ta riga su duka shiga wannan rami. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan Ingila suka gina katangun duwatsu a mashigar tashar Legas don yashi ya daina toshe wa manyan jirage hanya. A daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya isa Kano, kuma ta wannan mashiga gyaɗa da fatu da audugar Arewa suka riƙa fita zuwa Turai. Yashi ya taru a yamma, Bar Beach da ke gabas ta fara ramewa. Manya za su tuna Bar Beach, wurin shan iskar mutanen Legas, inda kuma a shekarun 1970 ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a harbe su a bainar jama'a. Gwamnatoci sun yi ta zuba mata yashi da kuɗi masu yawa, teku yana kwashewa. A farkon shekarun 2000 ruwan gishiri ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island, yana fasa kwalta, yana barazana ga gidajen saukar gwamnonin jihohi da ke jere a wurin.

Maganin da aka kawo shi ne Eko Atlantic. Kamfanin iyalin Chagoury ya yaso yashi daga ƙarƙashin teku ya cike fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita goma, ya kewaye shi da katangar da aka tsara za ta kai kilomita takwas da rabi, an lulluɓe ta da curin kankare masu nauyin tan biyar-biyar. Aikin injiniya ne na gaske, kuma titin Ahmadu Bello ya huta. A kan sabon filin ake gina dogayen benaye, har Amurka tana gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a can a kan dala fiye da miliyan 500. Sai dai Bar Beach ta talakawa ta tafi ke nan, an sa shinge. A watan Agustan 2012 teku ya yi toroƙo cikin dare ya share bukkokin da ke Kuramo, gab da wurin aikin, mutane fiye da goma suka rasu. Can gabas a yankin Lekki, mutanen Okun Alfa suna kallon gidajensu da titinsu suna shiga ruwa, suna kuma ɗora laifin a kan katangar. Masu aikin sun musanta. Gwamnatin jihar dai daga baya ta jera nata harsunan dutse a wannan gaɓa.

A wannan yanki na Lekki da Aja ne dubban 'yan Arewa ke neman abinci: masu gadi, 'yan ga-ruwa, masu sayar da kayan miya, leburorin gini. Da yawansu a bacoci suke kwana, a gefen fadamar da aka cike da yashi aka sayar wa masu kuɗi. In ruwa ya zo, maigida yana bene, maigadi yana ƙasa.

To, yanzu a ɗora ɗumamar duniya a kan wannan duka.

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya ɗaga da kimanin santimita 20, kusan taƙi guda ke nan. Abin dubawa shi ne saurin. Daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 yake ƙaruwa a shekara. Daga 2006 zuwa 2018 ya koma milimita 3.7, kusan ninki uku. Taurarin ɗan'adam da ke auna tekun tun 1993 sun nuna ƙarin kusan santimita 10 a cikin shekaru talatin kacal. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hayaƙin fetur da gawayin ƙasa da gas yana riƙe zafi, teku ne ke shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan zafin, ruwa kuma in ya ɗumama yakan kumbura. Ga ƙanƙarar kan duwatsu da ta Girinlan da Antatika tana narkewa tana kwarara. Ta Girinlan kaɗai, da za ta narke duka, teku zai hau da kusan mita bakwai, ko da yake wannan aikin ɗaruruwan shekaru ne ko fiye. Na kusa shi ne 2100: in duniya ta rage hayaƙi sosai, ƙarin zai tsaya tsakanin santimita 28 da 55, in aka ci gaba da ƙona mai ba ƙaƙƙautawa, zai kai tsakanin santimita 63 da mita ɗaya.

Wani zai ce taƙi guda me zai yi wa gari? Ai ba kullum yake ɓarna ba, yana da ranakunsa. Teku yakan cika ya janye sau biyu a yini, kuma cikarsa ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Ranar da wannan cika ta haɗu da manyan raƙuman da guguwar kudancin Atlantika ta turo, sannan aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wannan taƙin shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa ya tsaya a ƙofar gida da ya hau gado. A Legas, magudanan ruwa cikin tafki suke zubawa, tafki ya zuba a teku. In teku ya cika, tafki ba ya samun hanya, sai kwata ta juyo da baya ta fito a tsakiyar titi. Ambaliyar da a da sai an shekara hamsin ake ganin irinta, sai ta koma baƙuwar kowace 'yan shekaru. Kafin ma ruwa ya shiga ɗaki, gishiri ya riga ya shiga rijiya, manomin albasar Anlo kuwa da ruwan rijiya yake rayuwa.

Wani wurin kuma ƙasar ce da kanta ke nutsewa. Birnin da kowane gida ya haƙa burtsatse yana zuƙe ruwan ƙarƙashinsa, sannan aka ɗora benaye a kan fadama, dole ya zauna. Jakarta ta Indonesiya ta yi nisa a wannan hanya, har yana cikin dalilan da suka sa ƙasar ta fara gina sabon babban birni a tsibirin Borneo. Ga kuma masu tifa da ke kwasar yashin gaɓa suna kai wa masu buga bulo. Benin da Togo sun haramta wannan, amma gini bai tsaya ba, yashi kuma kuɗi ne.

Wanda yake son ganin yadda gari ke ƙarewa in ba shi da mai tsaya masa, ya je Ayetoro a ƙaramar hukumar Ilaje ta jihar Ondo. Wasu masunta mabiya wata ɗariƙar Kirista ne suka kafa shi a 1947. Suka yi zaman tarayya, kowa ya kamo kifi na gari ne, suka kafa gidaje a kan turaku, suka shimfiɗa titunan katako, suka buɗe wurin ƙera jiragen ruwa da makarantar koyon sana'a. Tun a shekarun 1950 suna da lantarkinsu, lokacin da manyan garuruwa da dama ke kunna fitilar ƙwai. Gaɓarsu ta laka ce, ba ta yashi ba, laka kuwa in igiya ta kwashe ta ba ta dawowa. Mazauna garin suna cewa fiye da rabinsa ya tafi, har da makarantu da wuraren ibada, kuma suna zargin aikin haƙar mai da ake yi a tekun da ke gabansu da ƙara tsananta abin. Mutum ya cire katakon gidansa ya matsa baya ya sake kafawa, bayan 'yan shekaru ya sake cirewa. Hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, ta ba da kwangilar yi wa garin kariya a 2004, ta sake bayarwa a 2009, an ambaci biliyoyin naira. Katangar ba ta tashi ba.

Shi ya sa kalmar sauyin yanayi take da daɗi a bakin mai mulki. Ba a gurfanar da yanayi a gaban kwamitin bincike, ba a tambayarsa ina kuɗin somin aiki. Mai cewa duk laifin Turawa da hayaƙinsu ne yana da hujja: Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa. A taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 an amince a kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ya jawo wa ƙasashe matalauta, a Dubai a 2023 aka yi alkawarin kusan dala miliyan 700. A kwatanta da wannan: Bankin Duniya ya lissafa cewa a 2017 kaɗai, zaizayar gaɓa da ambaliya da gurɓatar muhalli a bakin teku sun ci wa Benin da Togo da Senegal da Kwaddibuwa dala biliyan 3.8, sama da kashi biyar cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a shekara. Ƙasashe huɗu, shekara ɗaya, ya ninka abin da aka yi wa duniya duka alkawari sau biyar. Haƙƙi ne a ci gaba da nema da babbar murya. Amma ba hayaƙin wata masana'anta a Jamus ne ya hana a jibge dutse a Ayetoro ba.

Akwai inda aka fara gane cewa yashi ba ya nuna fasfo. A ƙarƙashin shirin WACA na Bankin Duniya, Togo da Benin sun haɗa aiki guda a kan iyakarsu, daga Agbodrafo zuwa Grand-Popo, maimakon kowa ya kare kansa ya tura wa na gabas. Togo ta sami harsunan dutse, a ɓangaren Benin kuma aka jibge yashi sama da kubik mita miliyan shida wuri ɗaya, aka bar igiyar ruwa ta riƙa rarraba shi da kanta. Dabarar daga Holan aka aro ta, ƙasar da ambaliyar 1953 ta kashe mata mutum fiye da 1,800, wadda kuma ta gwada irin wannan tulin yashi a 2011 kusa da birnin Heg. Yashin zai ƙare wata rana, sai an sake zubawa, kuma da kuɗin bashi aka yi yawancin aikin. Duk da haka, masunci a Grand-Popo ya sami wurin jan kwale-kwalensa.

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma babban aikin da take yi a kanta yanzu titi ne. A 2024 aka fara shimfiɗa babbar hanyar Legas zuwa Kalaba, kilomita 700, kuɗinta tiriliyoyin naira. Daga titin Ahmadu Bello ta tashi, kusa da katangar Eko Atlantic, ta bi gaɓar Lekki inda aka rusa wuraren shaƙatawa da gidaje don a ba ta hanya, ana cike fadamu da yashin da aka yaso. Titi irin wannan don jikoki ake yinsa, su kuwa jikokin za su ga tekun 2100 da idonsu. In hanyar ta shiga jihar Ondo, ta ƙasar Ilaje za ta ratsa, ƙaramar hukumar da mutanen Ayetoro ke jiran katangarsu tun 2004.